Amana a Hannun Wanda Ba a Gani: Jama'a, Sirri da Dokar Kare Bayanai a Abuja

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki maganar da ake yawan maimaitawa a ofisoshi da tarurruka, cewa talakan Nijeriya bai damu da sirrinsa ba, ta auna ta da abin da ya faru tun daga umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN a 2020 har zuwa aiwatar da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Hujjar da ta kafa ita ce, tilas da ɓoyuwar cuta ne suka haifi saurin miƙa bayanai, kuma duk inda cutar ta fito fili jama'a ba su yi shiru ba. Saboda haka nauyin kariya a wuyan mai karɓar bayanai ya kamata ya rataya.

Gabatarwa

 Babu garin da ya kai Abuja dacewa da wannan tattaunawa, domin a nan hedkwatocin hukumomin da ke riƙe da bayanan 'yan ƙasa suke. Hukumar NIMC mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, tana Wuse, Babban Bankin Nijeriya da ya kawo lambar tantance masu asusun banki ta BVN yana tsakiyar gari, hukumar sadarwa ta NCC da hukumar zaɓe ta INEC suna Maitama, ga kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, wadda aka ɗora wa sa ido a kan yadda ake sarrafa bayanan. Kuma a garin nan ne aka fi jin wata magana daga bakin ma'aikata da masana: wai mutanenmu ba su damu da sirrinsu ba, duk wanda ya tambaye su lamba za su ba shi, don haka maganin matsalar shi ne wayar da kai. Na zo ne in yi jayayya da wannan magana. Ta ɗauki abin da ido ke gani ta ba shi ma'anar da ba tasa ba, kuma kuskuren yana da tsada, domin shi ke yanke wanda za a ɗora wa laifi idan ɓarna ta auku.

Adalci ne a fara da abin da masu wannan ra'ayi ke gani, domin ba ƙirƙirarsa suka yi ba. A ƙofar rukunin gidaje a Gwarinpa ko Lokogoma, da ƙofar ma'aikatu da dama, akwai babban littafi mai kaurin bango a kan teburin mai gadi, an ɗaure masa biro da zare. Baƙo zai rubuta cikakken sunansa, da inda ya fito, da lambar wayarsa, da wanda ya zo gani. Yana rubutu idonsa na kan sunaye da lambobin waɗanda suka riga shi, wanda zai biyo bayansa kuma zai karanta nasa. Idan littafin ya cika, ba mai tambayar inda aka kai shi. A shagunan kwafin takardu, kwafin takardar NIN da bai fito da kyau ba a kwandon shara yake ƙarewa, da hoto da lamba da komai. A Nyanya da Kubwa da Zuba dattijo kan miƙa katinsa ga yaro mai POS, ya faɗa masa lambar sirrin da bakinsa, mutane na tsaye a bayansa. A shagunan waya na Banex mutum kan bar wayarsa a buɗe a hannun mai gyara, ya tafi salla ya dawo. Duk wannan yana faruwa. Abin tambaya shi ne ko aikin da muke gani yana nuna abin da ke cikin zuciya.

Al'ummar da ta san rufin asiri

Kafin a yanke wa Bahaushe hukuncin rashin damuwa da sirri, a dubi yadda ya gina gidansa da yadda ya tsara maganarsa. Gidan gargajiya a Kano ko Zariya ko Katsina yana da zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, an kuma karkata ƙofofin ciki yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Ba a shiga sai da sallama, in an yi sau uku ba a amsa ba sai a juya. Alƙur'ani ya yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur, ya hana bin diddigin al'amuran mutane a Suratul Hujurat. Mace kan ɓoye cikinta har sai ya fito da kansa. Ba a tambayar magidanci nawa yake samu, ba a tambayar makiyayi shanunsa nawa. In za a roƙa wa mutum alheri, rufin asiri ake roƙa masa, kuma wanda ya tona asirin ɗan uwansa nasa mutuncin ne ke fara zubewa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, amana da kunya da mutunci suna cikinsu. Al'ummar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, da wuya a ce ba ta san darajar riƙe magana ba.

Sai dai wannan tarbiyya ba ta ce a ɓoye komai daga kowa ba. Maƙwabci ya san an kwana da yunwa a gidan maƙwabcinsa, ungozoma ta san abin da miji ma bai sani ba, uwar adashi ta san wadda ta kasa zubi a wannan mako. Duk sun sani, kuma ba wanda ya ji an ci zarafinsa. Cin zarafin yana farawa ne ranar da uwar adashi ta kai maganar gidan biki. Abin da ake karewa shi ne iyakar da magana za ta tsaya, gwargwadon alaƙar da ta sa aka faɗe ta. Helen Nissenbaum ta gina ra'ayinta a kan kusan wannan tushe a littafinta na 2010, inda ta nuna cewa kowane bayani yana tafe da ƙa'idojin muhallin da aka bayar da shi. A mahangar Bahaushe, bayanin da ya ba wani ajiya ce, kamar kuɗin da matafiyi kan bar wa amintaccen ɗan kasuwa: sun fita daga hannunsa, ba su fita daga mallakarsa ba. Tsarin yana aiki ne saboda an san mai ajiyar, an san gidansu, in ya ci amana akwai inda za a kai ƙararsa, akwai kuma kunyar da za ta bi shi har 'ya'yansa. Dattijon da ya faɗa wa mai POS lambar sirrinsa a kan wannan ma'auni yake tafiya, domin ya san yaron, ya san ubansa, kullum a wurin yake ganinsa. Abin da bai sani ba shi ne, bayan yaron akwai kamfani, bayan kamfanin akwai wasu kamfanoni, kuma babu ɗayansu da zai haɗu da shi a masallaci.

Tilas da sabo

Tsakanin talaka da hukuma kuwa, ɗari-ɗari tarihi ya nuna. A zamanin mulkin mallaka ƙidayar mutane da ta shanu hanyar haraji da jangali ce, don haka ɓoye adadi ya zama dabarar kare kai. Me ya sa jikokin waɗannan mutane yau suke layi don ba da zanen yatsunsu? Amsar tana cikin umarnin da aka yi ta bayarwa cikin shekara goma. A Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, daga baya aka taƙaita duk asusun da ba shi da ita. A tsakiyar Disambar 2020 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da wa'adin mako biyu a haɗa kowane layin waya da NIN ko a rufe shi. Ana tsakiyar annobar korona, ana hana cunkoso, sai ga jama'a sun cika ƙofofin ofisoshin NIMC a Abuja da Legas da sauran birane. An yi ta ɗage wa'adin, har a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka sa wa'adin ƙarshe a Satumbar 2024. Daga 2021 ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN, fasfo ma haka. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura mai kayan miya da mai shayi buɗe asusu ko suna so ko ba sa so, kuma a Disambar shekarar Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN.

A duk wannan jeri babu inda aka tambayi ɗan ƙasa ko ya yarda. An nuna masa ne cewa layinsa da asusunsa da karatun ɗansa suna rataye da lambar, kuma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Rajistar 'yan ƙasa tana da amfaninta, domin ƙasar da ba ta san mutanenta ba ba za ta iya tsara makaranta ko asibiti ba. Abin da nake nunawa shi ne darasin da aka koya wa jama'a a kan hanya. Shekara goma hukuma da banki da kamfanin waya suna cewa kawo lambarka ko mu rufe, har kunne ya saba, hannu ya saba. Ranar da ɗan damfara ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a karanto masa lambar da aka turo ba, da muryar da aka saba ji yake magana, da barazanar da aka saba gani tana tabbata. Wanda ya ba shi lambar biyayya ya yi ga tsarin da aka horar da shi a kai, sai kuma a dawo a ce masa bai waye ba. Ga kuma wanda bai yi karatun boko ba, fom ɗin rajista kuwa da Ingilishi yake, a intanet ake cikewa. Dole ya bi ta hannun mai shago, ya miƙa masa komai.

Hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayin wayar da kai ta fito ne a 2024. A watan Maris gidauniyar binciken jarida ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN a kan kuɗi kaɗan. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wasu shafukan, ciki har da AnyVerify, inda ta ce da naira 100 ana sayen bayanan mutum, kuma don ta tabbatar da maganarta ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani da na shugaban Hukumar Kare Bayanai Vincent Olatunji. NIMC ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, mutum biyun nan suna cikin waɗanda suka fi kowa sanin hatsarin, kuma saninsu bai kare su ba. Babu taka-tsantsan ɗin da ɗan ƙasa zai yi ya hana a sayar da abin da doka ta tilasta masa ya ajiye a hannun wani. Wanda aka sayi bayanansa kuma ba ya jin komai a jikinsa ranar da aka saya. Sai bayan watanni ya ji an buɗe asusu da sunansa, ko an ci bashi, ko an yi rajistar layin da aka aikata laifi da shi, kuma ba shi da hanyar gano ta ina aka shigo masa. Cutar da ba a ga hanyar zuwanta ba ƙaddara ake kiranta, a yi haƙuri. Wannan haƙurin ne ake lissafawa a matsayin rashin damuwa.

Don a gane haka, sai a dubi inda cutar ta zo a bayyane da sunan mai yin ta. Manhajojin ba da bashi ta waya sun yawaita a shekarun da suka gabaci 2022. Mutum na neman naira dubu goma ko ashirin kafin albashi, manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa domin in bai danna ba babu bashi. Ya makara da 'yan kwanaki, sai saƙo ya isa wayar surukinsa da shugabansa a ofis da limamin unguwarsu, ana kiransa ɓarawo mai gudun bashi, wani lokaci har da hotonsa da sanarwar mutuwarsa ta ƙarya. A nan babu wanda ya yi shiru. Koke-koke suka yi ta kwarara zuwa hukumomi da kafofin yaɗa labarai, har a Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10, a Maris na 2022 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. Waɗanda ake cewa ba su damu ba su ne suka tayar da wannan ƙura. Kuɗin ruwan da aka ɗora musu ya yi yawa, amma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne an kai maganar bashinsu gaban surukai. A lura kuma cewa surukin da limamin ba su taɓa sauke manhajar ba, ba su danna komai ba, amma sunayensu da lambobinsu suna hannun kamfanin. Dokokin zamani, har da ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, sun ba yardar mutum ɗaya babban matsayi. A al'ummar da waya ɗaya ke ɗauke da dangi da unguwa, inda miji ke yi wa matarsa rajistar layi, ɗa ke riƙe wa mahaifiyarsa katin banki, yardar mutum ɗaya kan buɗe ƙofar ɗaruruwa.

Abin da doka ta tanada da inda ta tsaya

Ba a rasa doka ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. A nan Abuja shugabannin ECOWAS suka amince da dokar kare bayanai a 2010, Jamhuriyar Nijar ta yi tata a 2017, NITDA ta fitar da ƙa'idojinta a Janairun 2019, sannan a Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar tana da kyau a wurare da dama. Ta ce kada a karɓi bayani fiye da buƙata, kada a yi amfani da shi a wata manufa dabam, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya dace. Ta ce shiru ba yarda ba ne. Ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane. Ga manyan masu riƙe bayanai, tara kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. An kuma fara ganin hukunci: NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity a Agustan 2024, kodayake bankin ya musanta laifin, da ta naira miliyan 766 a kan Multichoice a Yulin 2025, yayin da FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024.

Waɗannan wajibai da aka ɗora wa mai karɓa su suka dace da halin da muke ciki. Dokar ta kuma ba mutum damar ya nemi sanin abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara ko a goge, amma wannan yana jiran ya san sunan mai riƙe da bayanansa, ya rubuta masa takarda, ya jira amsa, in bai gamsu ba ya kai ƙara. Matar da ke sayar da awara a Gwagwalada ba za ta bi wannan hanya ba, kuma rashin binta ba ya nuna komai game da darajar da take ba mutuncinta. Abin da ya fi damuna shi ne, gwamnati ce mafi girman mai tara bayanai a ƙasar nan, amma manyan tarar da aka ji a kan kamfanoni suka faɗa. Dokar ta sassauta wa hukumomi a al'amuran tsaron ƙasa da binciken laifi, shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban NDPC, minista kuma yana iya ba ta umarni a kan manufofi. Jama'a za su auna hukumar ne da ranar da ta hukunta wata ma'aikatar gwamnati, ta faɗi sunanta da laifinta.

Za a ce da ni, to masu ɗora hoton sabuwar motarsu da ɗakin amaryarsu a Facebook da TikTok fa, wa ya tilasta musu? Akwai sakaci da son a gani, kuma kukan da malamai da iyaye ke yi da shi shaida ce cewa al'umma na ganin an ƙetare iyaka. Amma mai ɗora hoton biki shi ya zaɓi hoton, bai ɗora takardar asibitinsa ba, bai ɗora saƙon bashi ba. Abin da kamfanin ke tarawa a ɓoye, wato inda yake kwana da abin da ya tsaya ya kalla, wannan bai gani ba balle ya zaɓa.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta tsaro, kuma mazaunin Abuja ba zai raina ta ba. Garin da ya ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, da fasa gidan yarin Kuje a Yulin shekarar, da sace mutane a yankin Bwari a farkon 2024, mutanensa za su ce a ɗauki duk bayanan da ake so in dai za a kwana lafiya. Ciniki ne da mai hankali zai iya yarda da shi, sai dai ciniki mutum biyu ke yin sa. An haɗa layuka da NIN da sunan tsaro, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kira na shekara biyu, ƙa'idojin NCC na 2019 sun ba jami'an tsaro hanyar sauraren sadarwa, amma masu garkuwa da mutane sun ci gaba da cinikin kuɗin fansa ta waya. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Ɗan ƙasar da ya ba da nasa kason yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka yi da shi, wa ya duba, da izinin wa. Sannan adireshin gida da lambar waya da hoton fuska da ake sayarwa a kan naira 100 su ne ainihin abin da mai niyyar sace mutum yake nema.

Wasu kuma talauci suke kawowa, su ce mai neman abin da zai ci yau ba ya tunanin bayanai. Suna da misali a hannu, domin a Yulin 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa dubban matasa na bi suna sayen NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000. A nan wayar da kai tana da gurbi, domin mai sayarwar bai san cewa ranar da aka bi sawun kuɗin sata ƙofarsa za a ƙwanƙwasa ba. Amma kasuwar ba za ta ci ba sai da kamfanin da ke buɗe asusu ba tare da tabbatar da mai lambar ba. Kuma in abu ya lalace, mai kuɗi zai ɗauki lauya ya kira manajan banki, talaka kuwa sai ya kwana a ofishin 'yan sanda kafin a saurare shi. Wanda ya fi rauni shi ya fi buƙatar a tsare masa.

Akwai wata suka da ta fito daga cikin gida, kuma ita na fi ɗauka da muhimmanci. Rufin asirin da na yaba gida yake karewa, ba lallai ya kare kowane mutum a cikin gidan ba. Da sunansa an rufe bakin matar da ake duka, an hana yarinyar da aka yi wa fyaɗe zuwa asibiti. Miji kan ɗauki binciken wayar matarsa a matsayin haƙƙinsa. Wanda ya ce a koma ga al'ada kawai ya bar waɗannan a baya. A nan doka ta zo da abin da al'ada ta gaza bayarwa, domin ta ba kowane mutum haƙƙi a kan bayanansa shi kaɗai, ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila a matsayin masu buƙatar ƙarin kariya, kuma ko da ta keɓe harkokin cikin gida daga hukuncinta, ta gindaya sharaɗin kada su keta haƙƙin sirrin wani. Na kawo al'ada ne a matsayin shaida cewa tushen da doka za ta tsaya a kai yana nan, domin jama'a sun riga sun yarda cewa mai karɓar ajiya shi ke da alhakin tsare ta.

Wannan ya shafi yadda mu masu bincike ke auna ra'ayin jama'a. In aka tambayi mutum ko ya damu da kare bayanansa, amsar ko-oho za a samu. A tambaye shi ko ya yarda mai shagon magani ya gaya wa mai gidan hayarsa ciwon da yake fama da shi, ko banki ya gaya wa ƙanin matarsa nawa ne a asusunsa, amsar za ta zo kafin a rufe baki. Binciken da bai bambance wanda ya miƙa don ya yarda da wanda ya miƙa don ba shi da mafita ba, sallamawa zai auna ya kira ta amincewa, hukumomi kuma su kafa manufa a kan sakamakonsa.

Ga masu tsara manufa, aikin da ya fi gaggawa yana hannun masu karɓa, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙa'idar taƙaita abin da ake karɓa ta isa ta sa ma'aikatu su daina neman kwafin takardar NIN a inda ganin ido ya wadatar, Hukumar Babban Birnin Tarayya kuma ta fitar da umarni kan littattafan ƙofa: me za a rubuta, wa zai gani, yaushe za a ƙona. NIMC ta riga ta samar da lambar wucin gadi da ke daina aiki bayan awa 72, wadda mutum zai bayar a madadin ainihin lambarsa, amma amfaninta ya dogara ne da ofisoshi su karɓe ta. Ƙorafi ya kamata ya yiwu da baki, da Hausa ko Gbagyi ko duk harshen da mutum ke ji, a kowace daga ƙananan hukumomi shida na Abuja, daga Abaji har Bwari. Abin da nake ganin zai fi sauya lamarin shi ne a fito da cutar fili. Bankuna sun saba wa 'yan Nijeriya da saƙon waya duk lokacin da kuɗi suka fita daga asusu, kuma kowa ya ga yadda mutane ke garzayawa banki in suka ga cirewar da ba su gane ba. A wajabta irin wannan saƙo duk lokacin da wani ya duba NIN ko BVN ɗin mutum, da sunan kamfanin da ya duba da dalilinsa, kuɗin saƙon kuma ya fito daga aljihun mai dubawa. Kamfanin da ya san mai lambar zai ga sunansa nan take zai yi tunani kafin ya sayar da damar shigarsa ga wani shafi, hukuma kuma za ta samu masu kawo mata rahoto daga kowace unguwa ba tare da ta ɗauki sabon ma'aikaci ko ɗaya ba.